Direban tirela na son barin sigari: wace na'ura ƙanensa zai taho masa da ita?

Assalamu alaikum. Ni direban tirela ne, ina ɗaukar kaya tsakanin Kano da Legas, shekarata 46. Tun ina yaron mota na fara shan sigari, yanzu kwali guda nake shanyewa a wuni, in tafiyar dare ce har ya wuce. Watan jiya aka auna ni a asibiti aka ce jinina ya hau, ga wani tari da ke tashi na da asuba. Na sha rantsuwa na bari, amma ba na wuce kwana uku. Ƙanena da ke zaune a Ingila shi ma ya sha, ya ce da sigarin lantarki ya rabu da ita. Zai zo hutu, ya turo mini hotuna uku ta WhatsApp ya ce in zaɓa. Ɗaya ƙarama ce kamar alƙalami, Vaporesso XROS. Ta biyu matsakaiciya, Voopoo Drag X, ya ce tana kai wat 80. Ta uku babba ce mai allo da batir biyu, Geekvape Aegis Legend, wai wat 200, ruwa da ƙura ba sa yi mata komai. Ni dai babbar ta fi burge ni, saboda aikinmu na wahala ne, kuma na ga kamar ta fi ƙarko. Wacce ta fi sauƙin amfani, wacce ta fi inganci? Kuma ba gudun gara zan yi in faɗa gidan zago ba?

Direba daga Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wannan niyyar ce za ta ɗore.

Ƙaramar za ka ce ya taho da ita, ya bar sauran biyun a shago. Zan faɗi dalili, amma akwai abin da ya riga zaɓen na'ura.

Ka koma wurin likitan da ya auna ka, ka gaya masa kwali nawa kake sha ba tare da ragewa don kunya ba, ka gaya masa tarin asubar nan don ya duba ƙirjinka. Nikotin, sinadarin da ke sa mutum ya kamu da sigari, ko ta sigari ya shiga jiki, ko ta tururi, ko ta cingam, yana ƙara bugun zuciya, yana kuma ɗaga jini na ɗan lokaci. Mai hawan jini bai kamata ya shirya wannan shi da ƙanensa kaɗai ba. Ka tambayi likitan batun cingam ɗin nikotin da filastar da ake mannawa a fata, da ƙwayar da ake kira varenicline. Idan waɗannan suka yi maka aiki, ka huta da batir da caja da komai.

Sai tambayarka ta ƙarshe, ta gara da zago, don ita ce mai nauyi. Abin da ke kashe mashayin sigari galibi hayaƙin ne, kwaltar da ƙuna ke fitarwa da gurɓatacciyar iskar da ke hana jini ɗaukar iska mai kyau. Nikotin shi ne igiyar da ta ɗaure ka. Wani mai haɗa magunguna ɗan Sin, Hon Lik, wanda shi kansa mashayi ne, shi ya ƙirƙiro sigarin lantarki na zamani a 2003 a kan wannan tunanin: a ba mutum nikotin ba tare da an ƙona ganye ba. A 2015 hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta ƙiyasta cewa illarsa ta gaza ta sigari da kusan kashi 95 cikin ɗari. Masana sun yi ta jayayya kan wannan adadi har yau, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a rungume shi ba, Indiya ma ta haramta shi gaba ɗaya a 2019. Inda kusan kowa ya haɗu shi ne: ba abin lafiya ba ne, wanda bai taɓa shan sigari ba kada ya kusance shi, amma ga wanda ya shekara talatin yana zuƙar hayaƙi, sauyawa gaba ɗaya ya fi ci gaba da ƙona kara.

Akwai wani gwaji da aka yi a Ingila aka wallafa a 2019, da mutum 886 masu son bari. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka ba sigarin lantarki ba su koma sigari ba, a cikin waɗanda aka ba cingam da filasta da makamantansu kuwa kusan kashi 10 ne. Ka ga yana taimakawa. Sai dai ka lura da abu biyu. Ko a ɓangaren da ya fi nasara, mafi yawa sun koma. Sannan a cikin waɗanda suka bar sigarin ta hanyar na'ura, kashi 80 cikin ɗari suna nan riƙe da na'urar bayan shekarar. Wannan na biyun shi ya sa na zaɓa maka ƙaramar. Kai ba abin wasa kake nema ba, abin da za ka yi amfani da shi ka ajiye kake nema, don haka wadda ba za ta shiga ranka ba ita ce taka.

Duka ukun cikinsu ɗaya ne. Batir ne, da wata 'yar waya da ke zafi wadda ake kira kwayil, an naɗe ta da auduga, da ɗan tanki na ruwan da ke ɗauke da nikotin. Audugar ta tsotsi ruwa, kwayil ya yi zafi, ruwan ya zama tururi. Abin da ake daidaitawa biyu ne kawai: ƙarfin wutar da ke zuwa kwayil, wato wat ɗin da ƙanenka ke faɗa, da faɗin ƙofar da iska ke shiga. Duk sauran abin da ke kan allo ado ne ga mutum irinka.

Ƙaramar an yi ta ne don irin zuƙar da ka saba: ka ja zuwa baki, sannan ka haɗiye zuwa ƙirji. Wutarta ba ta wuce wat goma sha wani abu, ita ke daidaita kanta gwargwadon kan da ka ɗora mata, wato ɗan tankin da ke samanta. Abin da aka bar maka ka taɓa shi ne ɗan makulli a gefe da kake turawa ka matse iska ko ka sake ta. Ka matse shi, zuƙar ta yi tauri kamar ta sigari. Tanki da kwayil a haɗe suke, in ya ƙone ka zare shi ka jefar ka ɗora sabo, maganaɗisu ya kama. Mutum zai iya yin wannan a tashar mota da dare ba tare da tocila ba.

Babbar kuwa wata duniya ce. An yi ta ne don masu jan tururi kai tsaye zuwa huhu, su feso shi kamar girgije. Kwayil ɗinta na buƙatar wat hamsin, saba'in, har fiye, kuma kowane kwayil da iyakar da aka rubuta a jikinsa da ƙananan baƙaƙe. Ka yi ƙasa da iyakar, ruwa ya taru ya riƙa tartsatsi a bakinka. Ka wuce ta, audugar ta bushe ta ƙone, ka ji wani ɗacin ƙauri da zai sa ka tari har hawaye, kuma a irin wannan ƙunar ne sinadarai masu cutarwa ke ƙaruwa a tururin. Maɓallanta na danne kansu a aljihu idan ba ka kulle ba, ka ajiye ta a wat 60 ka ɗauko ta a 120. Wat 200 ɗin da ya burge ka, ko masu sha'awar abin ba kasafai suke kai rabinsa ba. Lamba ce ta jikin kwali.

Ga kuma abin da ya fi damuna game da ita a hannun direba. Mai shan kwali guda a wuni yakan fara ne da ruwa mai ƙarfi, miligiram 18 ko 20 na nikotin a kowane mililita, in ba haka ba ƙwaɗayin sigari ba zai kwanta ba. Wannan ruwan na ƙaramar na'ura ne. Babbar, saboda yawan tururin da take fitarwa a zuƙa ɗaya, ruwa mai miligiram 3 ko 6 ake zuba mata. Ranar da ka yi kuskure ka zuba mai 20 a cikinta ka ja a wat 70, jiri ne da tashin zuciya da bugun ƙirji, kana riƙe da sitiyarin mota mai ɗauke da tan talatin a gangaren Jebba. Ban ga ribar da za ta sa a ɗauki wannan kasadar ba. Sannan tana shan ruwa ninki uku ko huɗu na ƙaramar, kuɗinka ne ke tashi a iska.

Matsakaiciyar ba zan daɗe a kanta ba. Na'ura ce mai kyau ga wanda ya riga ya san abin da yake so, tana karɓar kwayil iri-iri. Amma ita ma ta fi karkata ga jan huhu, ita ma batir ɗinta cirewa ake yi, don haka matsalolin babbar duk tana da su, sai dai a ƙaramin sikeli.

Yanzu batun ƙarko, wanda shi ne hujjarka, kuma hujja ce mai kyau. Gaskiya ne an yi Aegis da roba mai kauri da ƙarfe, an toshe ta yadda ƙura ba ta shiga, tana jure faɗawa ruwa na ɗan lokaci. A ƙurar hunturu tsakanin Kano da Zariya wannan ba ƙaramin abu ba ne. To amma gangar jikin ce kawai aka yi wa wannan sulken. Tankin da ake ɗaurawa a samanta gilashi ne, ya faɗo daga kan tirela zuwa kwalta ya tarwatse, ka zauna da akwatin ƙarfe lafiyayye wanda ba ya aiki. Ƙaramar ba ta da wannan sulken, gaskiya, kuma batirinta na ciki zai raunana bayan shekara ɗaya ko biyu kamar na waya. Sai dai kuɗin babbar ɗaya da batiranta da cajarta zai sayi ƙananan fiye da ɗaya. Ka ce ya kawo biyu. Ranar da ɗaya ta mutu a hanya, ko cajinta ya ƙare, ba za ka tsinci kanka gaban mai tireda kana cewa a ba ka kara ɗaya ba. Yawancin komawa sigari ta irin wannan ƙofar take shigowa.

Kai direba ne, ka san ingancin mota ba a fenti yake ba, a samuwar kayan gyaranta yake. Haka wannan. Kwayil ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci uku in ruwan ba mai zaƙi sosai ba ne, don zaƙin ne ke daskarewa a kansa ya yi baƙi. Na kowane kamfani daban ne, har a kamfani ɗaya ma na wannan samfurin ba ya shiga wancan. Ƙanenka zai koma Ingila bayan hutu, kai za ka zauna da na'urar. Saboda haka kafin ya biya kuɗi, ka leƙa shagunan da ke sayar da irin waɗannan kaya a Kano ko Legas da hoton a wayarka, ka tambaya ko suna da kanta. Idan ba su da na XROS amma suna da na Uwell Caliburn, alal misali, wadda ita ma ƙarama ce irin wannan tsarin, to ita za a saya. Sunan kamfani bai kai wannan muhimmanci ba. Kusan dukkansu a gari ɗaya ake ƙera su, Shenzhen ta ƙasar Sin, kuma manyan kamfanonin ba su yi wa juna nisa a inganci ba. Tazarar gaske tana tsakanin na asali da jabu. Na asali yakan zo da wani ɗan tambari a jikin kwali da ake kankarewa, lamba ta fito, a duba ta a shafin kamfanin. Wanda aka miƙo maka ba kwali, ko aka ce rabin kuɗi, ka bar shi. Araha ba ta ado.

Batir ɗin da ake cirewa, wanda matsakaiciyar da babbar ke amfani da shi, sunansa 18650, ɗan dogo kamar na tocila amma ya fi shi girma. Mafi yawan labaran fashewa da kake ji daga irinsa ne, kuma sau da yawa ba a cikin na'urar yake fashewa ba, a aljihu ne. Mutum ya jefa na ajiya cikin aljihun wando tare da makullin mota, ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa, ya kama da wuta a cinyarsa. Ledar da ke jikinsa in ta ɗan yage, haɗarin ɗaya ne. Mai batir biyu kuma dole su zama iri ɗaya, an saye su tare, ana cajinsu tare. Ga jabu a kasuwa: duk 18650 da ka ga an rubuta masa 9900 mAh, wato awon cajin da yake riƙewa, ƙarya ce, na gaskiya ba ya wuce wajen 3500. Ƙaramar ta raba ka da duk wannan, wayar caji irin ta waya kawai take so. Ko ita ɗin, kada ka bar ta a kan dashbod cikin ranar Lokoja. Zafi na lalata batir, yana kuma tsinka ruwan ya yoyo ta ƙofar iska, ka ɗauko ta duk danƙo. Ka ajiye ta a tsaye, a inuwa, kada ka kwana da ita a caji kusa da katifar da kake kwanciya a mota.

Abu ɗaya da sababbi ke ɓatawa a ranar farko: in ka cika sabon kai da ruwa, ka ajiye shi minti biyar zuwa goma audugar ta jiƙa kafin ka ja. Ka yi gaggawa, ka ƙona shi tun bai yi aikin komai ba. Zuƙar ma ta bambanta da ta sigari, a hankali ake ja, a ɗan tsawaita, ba fizga ba. Kwanakin farko za ka iya yin tari ko ka ji maƙogwaro ya bushe, ka yawaita shan ruwa.

Ba ka tambaye ni waɗanda ake sha a yar ba, masu launi-launi da ƙamshin mangwaro da kankana da suka cika shaguna, amma na san za a nuna maka su a ce sun fi sauƙi. Sun fi sauƙi kam. Sai dai da yawansu an rubuta 5% a jiki, wato miligiram 50, ninki biyu da rabi na iyakar da dokar Ingila ta yarda da ita, wadda ita ce 20. Ba ka da ikon rage ƙarfinsu, kuma ragewar ita ce dukkan shirinmu. Ingila ma ta hana sayar da su tun 1 ga Yunin 2025.

Wannan ne amfanin samun ƙane a can. Ruwan da ake sayarwa bisa doka a Ingila yana zuwa a kwalabar mililita 10, da murfin da yaro ba ya iya buɗewa, an rubuta abin da ke ciki. Ka ce ya sayo a shago mai rajista, wanda aka haɗa don ƙananan na'urori, mai rubutun 50/50 a jiki, domin mai kaurin na babbar ne, a ƙaramar toshe kwayil yake yi. Kada ka taɓa zuba ruwan da wani ya haɗa a ɗaki ya ɗura a kwalba ba suna, kada kuma ka yarda wani a tasha ya ɗiga maka wani mai a ciki wai don ya hana barci. A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, mutum sama da 2,800 aka kwantar a asibiti da ciwon huhu, 68 suka mutu, kuma binciken hukumomin lafiyarsu ya gano mafi yawansu ruwan wiwi na bayan fage suka zuƙa, wanda aka gauraya da wani mai na bitamin E. Huhu ba ya karɓar mai.

Sai sharaɗin da in babu shi, duk abin da na faɗa ɓata baki ne. Ranar da ka fara da na'urar, sigari ta ƙare. Ba a ce na'ura a cikin mota, kara biyu bayan cin abinci ba. Wani babban nazari da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciyar da mai shan ashirin ke ɗauke da shi. Ga mai hawan jini, ragewa ba ta wadatar ba. In ƙwaɗayi ya taso, ka ja na'urar har ya kwanta, kada ka yi mata rowa a makonnin farko. Bayan wata biyu ko uku ba ka taɓa sigari ba, ka sauka daga 20 zuwa 10, ka zauna a nan har jikinka ya saba, sannan 5, sannan ka ajiye. In ka sauka ka ji kana neman komawa sigari, ka hau mataki ɗaya baya, ba laifi ba ne. Don haka ƙanenka ya haɗo da masu ƙarfi daban-daban tun yanzu.

Ka ce tun kana yaron mota ka fara. Ina kyautata zaton a hannun wani ubangida ka gani. Yanzu kai ne ubangidan, akwai yaro a gefenka yana kallon duk abin da ka kai baki. Wannan ma wani dalili ne na ƙin babbar: girgijen tururi mai ƙamshin alawa a cikin mota talla ce. Kada ka ba shi ya ɗana, ko da wasa, kada ka sha gilashi a rufe yana ciki. A gida kuma kwalaben ruwan su hau can sama inda hannun yara ba ya kaiwa, ko a kulle su. Ƙamshinsu kamar na minti, amma ƙaramin yaro in ya kurɓa guba ce, asibiti za a nufa da shi nan take.

Saƙon da za ka tura wa ƙanenka ke nan: ƙananan guda biyu iri ɗaya, kawunan canji da za su kai wata huɗu ko biyar, masu lamba 0.8 ko 1.0 a jiki, ruwa mai 20 da mai 10 da ɗan mai 5. Ka tuna masa na'urorin a jakar hannu ake shiga jirgi da su, kamfanonin jiragen sama ba sa yarda abu mai irin wannan batir ya shiga cikin manyan akwatuna. Kafin ya iso kuma ka riga ka ga likita, ka nuna masa wannan tsarin, in ya ce a canja wani abu saboda maganin hawan jinin da ya ɗora ka a kai, maganarsa ce gaba da tawa. Allah ya tsare hanya.